Tura saƙon wani ba da izininsa ba: amsa ga wani matashi daga Talata Mafara

Tambayar ta zo daga wani matashi a Talata Mafara, sakataren wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke noman rani a Bakolori. Wani dattijo, tsohon malamin gona da ya yi ritaya, ya rubuta wa 'yan kwamitinsu dogon saƙo ta WhatsApp. Ya yi bayanin lokacin cire iri a yi dashe, da yadda ake fara zuba kamfa sannan a raba yuriya kashi biyu, da yadda ake gane takin da aka cakuɗa da yashi. A tsakiyar saƙon ya ambaci sunan wani dillali da yake zargin yana wannan cakuɗar, ya kuma ja kunnensu game da wata hanya da bai kamata a bi da yamma ba, har ya faɗi dalili. Saƙon ya burge matashin, sai ya tura wa abokansa manoma. Kafin mako ya zagayo ya isa Gusau da Kaura Namoda, ya dawo ɗauke da sunan wani daban a ƙasansa, dillalin kuma ya aiko wa dattijon da magana mai zafi. Dattijon ya fusata har ya ambaci kotu. Matashin ya ce: "Assalamu alaikum Barista. Ni fa ban sayar ba, ban ƙara ko harafi ba, kuma Baba bai rubuta cewa sirri ne ba. Na yi laifi a doka? Me zan yi yanzu?"

Wa alaikumus salam, ƙanena.

E, ka shiga haƙƙin Baba, duk da cewa alheri ka nufa. Da wuya maganar ta kai gaban alƙali in ka yi abin da ya dace da wuri, amma kada wannan ya sa ka ɗauke ta ƙaramar magana. Zan fara da doka tunda ita ka tambaya, ko da yake akwai abin da ya fi ta tayar mini da hankali a labarinka, kuma zan zo kansa.

Dokar da ke aiki a yau ita ce Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023. Ita ta maye gurbin tsohuwar da ta samo asali tun 1988, zamanin soja. Yawancin mutanenmu suna zaton haƙƙin mallaka abu ne na marubuta littattafai da mawaƙa da 'yan fim kaɗai. Da za ka buɗe dokar ka duba abin da ta lissafa a matsayin rubutun da take karewa, za ka tarar da wasiƙu a ciki, da rahotanni, da laccoci, da jawabai, har da huɗubobi. Sharuɗɗa biyu take nema: mutum ya yi ƙoƙari har abin ya zama nasa na kansa, kuma abin ya zauna a wani wuri da za a iya karanta shi ko a saurare shi daga baya. Takarda wuri ce, waya ma wuri ce. Tun lokacin da Baba ya gama latsa saƙon nan ya zama mai haƙƙinsa. Ba sai ya je Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ya yi rajista ba, ba sai ya sa wata alama ko ya rubuta gargaɗi ba. Rajistar da hukumar ke yi shaida ce da ke taimakawa ranar gardama, haƙƙin kuwa ya riga ta samuwa. Haka tsarin yake a ƙasashen da suka shiga Yarjejeniyar Berne, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta kare haƙƙin mallaka, wadda Najeriya ta shiga a 1993. Haƙƙin rubutu yana nan tsawon rayuwar marubuci, ya kuma ci gaba a hannun magadansa shekara 70 bayan rasuwarsa.

Sai dai ba kowane saƙo ne ya kai wannan matsayin ba. "Taro gobe ƙarfe huɗu" ko "an kawo taki" ba su da wani ƙoƙari na mai rubutu a cikinsu, babu wanda zai mallake su. Ilimin da ke cikin saƙo shi ma ba a mallakarsa. Cewa a raba yuriya kashi biyu, ko a yi dashe iri yana kimanin mako uku, sani ne da kowane manomi yake da damar ɗauka ya yi aiki da shi ya koya wa wani. Da ka karanta saƙon Baba, ka fahimta, ka zauna a majalisa ka yi wa abokanka bayani da bakinka, ko ka rubuta da kalmominka, dokar haƙƙin mallaka ba ta da magana da kai. Abin da take karewa shi ne zubin maganar: kalmomin da ya zaɓa, yadda ya jera su, misalan da ya kawo. Kai kuwa su ka kwashe gaba ɗaya. Latsa alamar turawa kwafi ne, kuma yin kwafi da yaɗa shi ga jama'a suna cikin abubuwan da doka ta keɓe wa mai rubutu.

Na san abin da ke ranka, domin kowa shi yake fara faɗa: saƙon a wayata yake, ni aka turo wa, da datata na buɗe shi. An daɗe da yanke wannan gardamar. A 1741 a Ingila, mawaƙin nan Alexander Pope ya kai ƙarar wani mai buga littattafai, Edmund Curll, saboda ya buga wasiƙunsa ba da yardarsa ba. Alƙali Lord Hardwicke ya raba abu biyu da mutane ke haɗawa. Ya ce takardar na iya zama ta wanda aka aika wa, amma wannan bai ba shi ikon fitar da maganar ga duniya ba. Har ma ya taƙaita hanin a kan wasiƙun da Pope ya rubuta da kansa, ya bar waɗanda wasu suka rubuto masa, domin waɗannan ba shi ke da haƙƙinsu ba ko da suna cikin akwatinsa. Shekara 280 bayan haka, a 2021, Meghan matar Yarima Harry ta yi nasara a kan kamfanin jaridar Mail on Sunday da ya buga wasiƙar da ta rubuta wa mahaifinta. Mahaifin ne da kansa ya miƙa wa jaridar wasiƙar, amma hakan bai wanke su ba. Hukuncin Ingila ba ya ɗaure kotunanmu, sai dai alƙalanmu suna duba shi suna kuma ɗaukar hujjarsa, tunda tushen dokar ɗaya ne.

To wane izini Baba ya ba ka da ya turo maka? Nan ne wurin da ya kamata ka tsaya sosai. Dokarmu ta ce sayar da haƙƙi ko keɓe shi ga mutum ɗaya sai a rubuce, amma izini na yau da kullum yana iya zama da baki, yana kuma iya fitowa daga yanayin da aka yi mu'amala. Wanda ya turo maka saƙo ya yarda ka karanta, ka ajiye, ka yi aiki da shi. In 'yan kwamiti ya rubuta wa, ya yarda ɗan kwamitin da wayarsa ta lalace a tura masa ko a karanta masa. Iyakar izinin ita ce iyakar mutanen da ya nufa. Wanda aka ba aron garma ya yi huɗa a gonarsa, ba a ba shi damar ya miƙa wa maƙwabcinsa ba, balle maƙwabcin ya miƙa gaba har ta kwana a wani gari. Shi ya sa hujjarka ta cewa bai rubuta "sirri" ba ba ta da ƙarfi. Kai ne za ka nuna inda ya ba ka izini. Shirunsa bai zama izini ba. Da ya rufe saƙon da cewa "a yaɗa ga manoma", da magana ta ƙare. Da ya saba turo irin wannan bayanin kuna yaɗawa yana gani yana sa albarka, da kana da abin kamawa. Amma saƙon da ke ɗauke da sunan mutum da zargi da maganar tsaro, kowane mai hankali ya san ba na kasuwa ba ne.

Batun cewa ba ka sayar ba yana da ɗan amfani, sai dai ba kamar yadda kake zato ba. Rashin karɓar kuɗi ba ya mayar da kwafi halal. Dokar ta ware wasu wurare da ake iya amfani da aikin wani ba tare da neman izini ba matuƙar an yi adalci: amfanin kai, karatu da binciken da ba na kasuwanci ba, sharhi da suka, ba da labarin abin da ke faruwa. Alƙali zai duba manufar amfanin, da irin aikin, da yawan abin da aka ɗiba, da ko an rage wa mai shi wata kasuwa. A wajen sharhi da ba da labari kuma ana so a ambaci mai aikin. Auna kanka da wannan. Manufarka mai kyau ce, Baba kuma ba sayar da saƙon yake yi ba, waɗannan suna gefenka. Amma duka ka ɗauka, rubutu ne da mai shi bai taɓa fitarwa ga jama'a ba, kuma ya tafi babu sunansa. Da ni ke kare ka ba zan jingina da wannan hujjar ba.

Duk da haka, da Baba ne ya zo ofishina, ba zan ba shi shawarar shigar da ƙara a kan haƙƙin mallaka ba. Irin wannan shari'ar ba a kai ta kotun majistare ko kotun shari'ar Musulunci, hurumin Babbar Kotun Tarayya ne kaɗai, wato sai ya riƙa zuwa Gusau. Kotu na iya hana ci gaba da yaɗawa, tana iya sa a biya diyya, amma wace asara ta kuɗi zai nuna, kuma wa za a hana, bayan saƙon ya shiga wayoyin da ba a san adadinsu ba? Kuɗin lauya da na mota za su ninka abin da zai samu. Ina jin shi ma ya sani. Dattijo in ya ambaci kotu a irin wannan hali, yawanci ciwon da ya ji yake nuna maka.

Wani ɓangare na ciwon shi ne sunansa da ya ɓace. Doka ta ba marubuci haƙƙin a danganta masa aikinsa, da haƙƙin ya ƙi a yi masa yanka ko sauyin da zai taɓa mutuncinsa, kuma wannan yana nan ko da ya ba da izinin a yaɗa. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne WhatsApp ba ya tafiya da sunan wanda ya fara rubutu. Tun 2018 kamfanin ya sa alamar da ke nuna cewa turowa aka yi, a 2019 ya taƙaita turawa zuwa wuri biyar a lokaci guda, a 2020 kuma ya mayar da saƙon da ya yi yawo da yawa zuwa wuri ɗaya. Duk wannan don rage yaɗuwar ƙarya ne, babu ɗaya da ke gaya wa mai karatu wane ne ya yi maganar. Saƙo yana barin hannunka ya zama maraya. Wanda ya laƙa sunansa a ƙasan rubutun Baba laifinsa ya fi naka nesa ba kusa ba, domin shi da gangan ya yi, amma kai ka buɗe masa ƙofa. Mu a ƙasar nan ba baƙi ba ne ga wannan ladabin. Malam Abdullahi na Gwandu littafi guda ya rubuta don kawai ya faɗi malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu da abin da ya karanta a gaban kowane. Masu kwafin littattafai da hannu sukan ajiye sunan mawallafi a inda yake, in za su sa nasu sai a ƙarshe, a matsayin wanda ya kwafa, su roƙi addu'a. Mutum ya shekara talatin yana bin gonaki cikin rana, ya zauna ya tattara abin da ya sani, sannan ya ga wani yaro yana karɓar "Allah ya ƙara basira" a kansa, dole ransa ya ɓaci.

Yanzu ga dillalin. Wannan ya fi haƙƙin mallaka kusa da kotu, kuma ku biyu ya shafa. A dokar ɓata suna, wanda ya maimaita magana daidai yake da wanda ya fara ta. "Ni ma turo mini aka yi" ba kariya ba ce. Kowace turawa sabuwar yaɗawa ce, mai ita zai amsa tata. Ana iya neman diyya, kuma a dokar Penal Code, wato kundin hukunta laifuffuka da Arewa ta gada, ɓata suna laifi ne da ake gurfanar da mutum a kansa. Gaskiya kariya ce, amma sai an tabbatar da ita da hujja, kuma nauyin yana kan wanda ya yi zargin. Kana da buhun? An auna shi? Akwai wanda zai tsaya ya rantse? Sannan akwai wani abu da nake so ka gane da kyau, domin shi zai nuna maka girman abin da ya faru. Lokacin da Baba ya gaya wa 'yan kwamiti zarginsa, doka tana ba shi wata rumfa. Mutumin da ya faɗi magana da zuciya ɗaya, ba da ƙeta ba, ga waɗanda abin ya shafa kai tsaye, kamar kwamitin da zai sayo wa ƙungiya taki, yana da kariya ko da daga baya ta bayyana ya yi kuskure. Wannan rumfar ba ta kai Kaura Namoda ba. Maganar da take nasiha a tsakanin mutum goma sha, da ta fita ta zama tallar sunan mutum a kasuwa. Baba zai iya cewa shi ga kwamiti ya faɗa. Kai ba ka da wannan amsar.

Abin da ya hana ni sukuni tun da na karanta tambayarka shi ne layin nan na hanya. Ƙanena, a Zamfara muke. Ka san abin da ake nufi in aka ce an gano wanda ya kai rahoto. Ka tuna watan Satumba na 2021 da aka katse layukan waya a faɗin jihar, aka shafe makonni mutum ba ya iya kiran ɗan'uwansa, saboda hukuma ta ga cewa labarin da ke yawo ta waya yana kashe mutane. Dattijo ya ce kada a bi hanya kaza da yamma, ya kuma faɗi dalili. Dalilin nan daga wani ya ji shi. Wataƙila wani manomi ne da gonarsa ke bakin hanyar, wataƙila ɗan acaɓa ne, wataƙila mutum biyu ko uku ne kawai a duniya suka san abin. Duk wanda ya karanta a can ɓangaren zai iya lissafa ko wane ne ya yi magana. A nan ɓacewar sunan Baba ma ta zama rufin asiri, amma dillalin ya gane shi, ke nan wasu ma za su gane. Saƙon murya ya fi wannan haɗari, domin murya ba ta ɓuya, kuma karin harshe kaɗai yakan nuna garin mutum. Hoton saƙo shi ma haka, yana tafiya da lamba da hoton fuska da sunayen duk waɗanda suka yi magana kafin da bayan. Ba na so in tsorata ka fiye da kima, amma ina roƙonka, kai da duk mai karanta wannan: maganar tsaro da aka yi maka a keɓe kada ka tura ta yadda take. In akwai gargaɗin da zai ceci rai, ka faɗe shi da bakinka, "a guji hanya kaza da yamma", ka bar dalili da majiya a cikinka. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Tsarin Mulki na 1999 a sashe na 37 ya tabbatar wa ɗan ƙasa sirrin gidansa da wasiƙunsa da hirarsa ta waya, Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta ƙara tsaurara yadda ake sarrafa lambar mutum da hotonsa da makamantansu, ko da yake ta fi fuskantar kamfanoni da hukumomi da ƙungiyoyi. Kai sakatare ne, lambobin mambobi da takardunsu suna hannunka da sunan ƙungiya, don haka ta fi kusa da kai fiye da sauran. Kotuna kuma sun daɗe da sanin cewa maganar da aka ba mutum a yanayin amana ana iya hana shi fitar da ita, ko an rubuta "sirri" ko ba a rubuta ba.

Addininmu ya riga su faɗin haka, kuma ya faɗa a taƙaice. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir ɗan Abdullahi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce idan mutum ya yi magana sannan ya waiwaya, to maganar amana ce. Dubi yadda aka sa alamar a waiwaye. Mutumin bai ce "kada ka faɗa" ba, ya dai duba ko akwai mai ji. Wanda ya zaɓi mutum goma sha ya rubuta musu, ya bar sauran mambobi, ai ya waiwaya. Ka tuna kuma lokacin da Sayyidina Umar ya yi wa Sayyidina Abubakar tayin auren 'yarsa Hafsa, Abubakar ya yi shiru har Umar ya ji haushi. Sai bayan Annabi ya aure ta ya bayyana masa cewa ya san Annabi ya ambace ta, kuma ba zai tona maganarsa ba. Ya gwammace amininsa ya yi fushi da shi na ɗan lokaci. Muslim ya kawo cewa ya ishi mutum ƙarya ya riƙa ba da labarin duk abin da ya ji. Ban san hadisin da ya fi wannan dacewa da yatsan da ke saurin turawa ba.

Za a ce maka, wataƙila ma an riga an ce, ai ilimi ba a ɓoye shi, kuma lada ka nema. Gaskiya ne ɓoye ilimi abin zargi ne. Amma Baba bai ɓoye ba, ga shi ya rubuta ya bayar kyauta. Neman izininsa ba zai hana ilimin isa ga kowa ba, zai dai sa ya isa da sunan mai shi, a tsabtace daga abin da zai cutar. Malamai ma sun duba wannan. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Kuwait a watan Disamba na 1988, ta yanke cewa haƙƙin wallafa da ƙirƙira haƙƙi ne da shari'a ke karewa, kuma bai halatta a keta shi ba.

Kada kuma ka fita daga nan da tunanin cewa duk turawa laifi ce. Sanarwar rasuwa, gayyatar ɗaurin aure da aka ce a isar, cigiyar yaro, sanarwar hukuma, duk an yi su ne don su yi tafiya. Akwai ma inda riƙe saƙo shi ne kuskure. Wanda aka turo wa barazana, ko aka nemi damfararsa, ko yarinyar da wani ke aika wa maganar banza, su kai wa 'yan sanda ko lauya ko wani babba da zai iya tsayawa, ba sai sun nemi izinin mai cutar da su ba. Dokar Shaida ta 2011 a sashe na 84 ta yarda a karɓi saƙon waya a kotu in an cika sharuɗɗansa. Abin lura shi ne a kai wa wanda zai iya magance matsalar, a kuma bar saƙon yadda yake a wayar da ya shigo. Watsa shi ga kowa da kowa yakan lalata shari'ar, wani lokaci ya juyo da ƙara kan wanda aka zalunta.

Abin da za ka yi yanzu, ka fara da Baba, kuma da ƙafarka. Kada ka tura masa saƙon ban haƙuri ta wayar da ta jawo abin. Ka sami shugaban ƙungiyarku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa, ku je gida bayan la'asar, ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce ka yi kuskure. Kada ka shiga "ai niyyata", ya riga ya san niyyarka, in ya so shi zai faɗa da bakinsa. Ka gaya masa sunayen waɗanda ka tura wa ba tare da ka rage ko ɗaya ba, domin yana bukatar ya san inda maganar hanyar nan ta bi, ya kuma sanar da wanda ya ba shi labarin tun da wuri. Wannan shi ne mafi gaggawa a cikin duka, kada ya kwana.

Daga nan ka bi waɗanda ka tura wa ɗaya bayan ɗaya, ka kira su, ka roƙe su su goge su kuma daina turawa. Damar da WhatsApp ke ba ka ta goge saƙon da ka tura daga wayoyinsu tana aiki ne cikin kimanin kwana biyu kawai, kuma ba ta taɓa kwafin da wasu suka riga suka tura gaba, don haka sai da baki. Amma asalin saƙon da Baba ya turo maka kada ka goge shi. Shi ne shaidar ranar da aka rubuta, da wanda ya rubuta, da waɗanda aka nufa, kuma zai amfane ku duka biyu in magana ta yi tsawo. Wanda ya sa sunansa a ƙasa, a neme shi cikin mutunci a ce ya janye. In ya ƙi, a wurinsa ne wasiƙar lauya take da amfani.

In hankali ya kwanta, ka kawo wa Baba shawara: ya yarda a fitar da bayanin noman shi kaɗai, a cire sunan dillali da maganar hanya, a sa sunansa da kwanan wata a cikin rubutun kansa, a sama, inda turawa ba za ta yar da shi ba, a kuma rubuta cewa ya ba da izinin a yaɗa ba tare da an sauya ba. Ina kyautata zaton zai yarda, domin wanda ya zauna ya rubuta irin wannan yana son ya amfani mutane. Ku kuma yi ƙa'ida a kwamiti, a rubuta ta a littafin taro, cewa abin da aka tattauna a tsakaninku ba ya fita sai mai maganar ya yarda. Neman yardar ba ya cin minti ɗaya: "Baba, bayanin nan zai amfani mutanen Maradun, in tura musu da sunanka? Akwai abin da zan cire?" In ya ce a'a, ka bari. In bai amsa ba, ka jira.

Shi kuwa dillalin, kada ka je wurinsa kai kaɗai, kada kuma ka rubuta masa komai, ko ban haƙuri ko ƙarin zargi, domin duk abin da ka rubuta yana iya zama shaida. Ku bar shugabannin ƙungiya da dattawan kasuwa su zauna da shi tare da Baba, yawancin irin wannan a nan take mutuwa. In kuwa takardar lauya ko sammaci ya iso, ka lura da kwanakin da aka ba ku, ku ɗauki takardar da wayar ku kai wa lauya kafin ɗayanku ya ba da amsa.